Yadda Jami'in Da Ke Ɗauke Da Fistol Zai Ɗaura Bel Ɗin Mota

Dokar makamai ta Nijeriya ta sanya fistol cikin jerin bindigogin da aka haramta wa jama'a, saboda haka wannan bayani na 'yan sanda ne da jami'an kwastam da sauran waɗanda aiki ya ɗora wa ɗaukar makami. Da yawa daga cikinsu ba sa ɗaura bel a mota, wasu ma sukan soka shi ta bayan kujera don a huta da ƙarar gargaɗi, hujjarsu kuwa ita ce bel yana takura bindiga, yana kuma jinkirta fita idan abu ya taso. Sai dai karo a gudun kilomita 50 cikin awa daidai yake da faɗowa daga tsayin mita 10, kuma bel yana rage haɗarin mutuwar wanda ke kujerar gaba da kusan rabi.

Ƙa'idar farko ita ce, wurin bel ba ya sauyawa, gidan bindiga, wato kuben da ake rataye fistol a cikinsa, shi ne ake gyara wa zama. Igiyar ƙasa dole ta kwanta a kan ƙashin ƙugu, ƙasa da mara, ta ɗan taɓa saman cinya, domin nan ne ƙashin da zai iya ɗaukar nauyin jiki idan mota ta tsaya farat ɗaya. Idan ta hau kan ciki, hanji da saifa da hanta ne za su karɓi wannan ƙarfi, idan kuwa ta bi ta kan bindiga, to ƙarfe mai nauyin kusan kilo guda ne za a danna cikin jikin mutum. Igiyar sama kuma ta ratsa tsakiyar kafaɗa da ƙirji, kada ta goga wuya, kada kuma a tura ta ƙarƙashin hammata.

Matsalar ta fi damun direba. Tun da ƙasar ta koma tuƙi a hannun dama a 1972, sitiyari yana hagu ne, makullin bel ɗin direba kuwa yana damansa, daidai inda mai amfani da hannun dama yake rataye fistol. Abin da ya dace shi ne, kafin a shiga mota, a matsar da gidan bindigar gaba kaɗan a jikin bel ɗin wando, kimanin faɗin yatsu biyu ko uku, yadda makullin zai zauna a bayansa. Bayan an zauna an jingina sosai, sai a jawo igiyar a soka, a zura yatsu a tura ta ƙasa da bindigar, sannan a ja igiyar sama don ta ɗame. Jami'in farin kaya da ke sanye da kaftani ko jamfa ya zaro rigarsa daga ƙarƙashin igiyar ya sake ta a sama, domin rigar da bel ya danne takan tattare a bakin gidan bindiga. Wanda ya saba ɗaura fistol a gaban mara shi ya fi kowa buƙatar kula da wannan, tun da igiyar tana son hawa kan mariƙin bindigar duk lokacin da aka faɗa rami ko aka taka birki.

Ɗaura bindiga a gadon baya bai dace da mai tafiya a mota ba sam, domin ƙarfen yana tsakanin ƙashin baya da kujera, ko mota ce ta buga ta baya a hankali tana iya jawo rauni mai tsanani. Masu doguwar tafiya, irin masu rakiya daga Kano zuwa Maiduguri, sun fi samun sauƙi da gidan bindiga na cinya ko na gefen hagu, idan ƙa'idar rundunarsu ta yarda. Kwantar da kujera baya don neman sarari kuskure ne, saboda a lokacin karo jiki yakan sulale ta ƙarƙashin igiyar.

Shi kansa gidan bindigar ya zama mai tauri, wanda ya rufe kunama ruf, yake kuma riƙe bindigar ko an kifa shi. Gidan fata da ya tsufa ya yi laushi yana iya lanƙwasawa ya shiga gaban kunama, kuma irin wannan ne ke sa bindiga ta tashi a cinyar mai ita. A cikin mota ba a zare bindiga don gyara zama, ba a kuma mayar da ita gida ana zaune idan akwai halin fita a tsaya.

Ɗabi'ar da ta fi kowacce muni ita ce ciro fistol a ajiye a kujera ko a cusa ƙarƙashin cinya. A watan Afrilun 1986 a birnin Miyami na Amurka, wani jami'in hukumar binciken manyan laifuka ta ƙasar, wato FBI, ya ajiye bindigarsa a kujera yayin da suke bin wasu 'yan fashi, da motocin suka yi karo sai ta fice masa, aka yi musayar wutar da ta ci ran abokan aikinsa biyu shi kuwa hannunsa babu makami.

Game da tsoron jinkirin fita, maganinsa atisaye ne. A tsayar da mota, a cire gidan harsashi, a duba cikin bindigar da ido a tabbatar babu komai, sannan a riƙa maimaita kwance bel: direba ya zura hannun hagu ƙarƙashin igiyar ƙirji, ya bi ta zuwa makulli ya danna, ya raka igiyar da hannun har ta wuce jikinsa, don kada ta maƙale a mariƙin bindiga ko a rediyon da ke ƙirji. Wanda ke sanya rigar sulke ya yi atisayen sanye da ita, kuma a cikin irin motar da yake aiki da ita, domin wurin makulli a Hilux daban yake da na ƙaramar mota.