Yadda ake shawo kan in, on, at da 'yan'uwansu a Turanci

Na daɗe ina koyar da manya Turanci a ajin yamma, kuma har yau ban ga abin da ke kayar da ɗalibi mai ƙwazo kamar ƙananan kalmomin nan ba: in, on, at, by, for, to. Mutum zai haddace dogayen kalmomi, ya iya sarrafa aikatau, amma da ya zo rubuta takardar neman aiki sai kalma mai harafi biyu ta tona masa asiri. Abin yana damuna, domin ba rashin basira ba ne. A Hausa "a" guda ta ishe mu: a gida, a mota, a watan Maris, a kan tebur. Turanci ya raba wannan aiki gida uku ko fiye, don haka wanda ya zauna neman fassarar "a" a ƙamus ba zai tashi da komai ba.

Abin da nake gaya wa ɗalibaina tun ranar farko shi ne, kada ku koyi kalmar ita kaɗai. Ku koye ta tare da abokiyar tafiyarta, kamar yadda ba wanda ya koyi "sai" daban da "an jima" daban.

Fara da lokaci, don nan ne dokar ta fi tsayuwa. Ƙarfe kaza yana tafiya da at: "The class starts at 7:30." Rana da kwanan wata suna tafiya da on: "on Monday", "on 12 March". Wata, shekara da duk wani lokaci mai faɗi na in ne: "in March", "in 2019". Safiya da maraice ma in suke ɗauka, "in the morning", "in the evening", amma dare ya fita daban, "at night" ake cewa. Da zarar ka ambaci sunan rana kuwa, ita ke rinjaye: "on Monday morning". Sannan idan this, next, last ko every ta zo gaba, ba a sa komai. "I saw him last week" daidai ne, "in last week" kuskure ne, kuma ina ganinsa kusan a kowace takarda da nake dubawa.

Wuri yana bin irin wannan tsari. In na abin da ya kewaye ka ne, "in the room". On na abin da kake bisansa, "on the table", har bango, "on the wall". At na wurin da ake nunawa kamar ɗigo, "at the door", "at the bus stop". Abin hawa ne ke rikita mutane: "in a car" amma "on a bus", "on a train", "on a plane". Dabarar da nake bayarwa ita ce, idan za ka iya miƙewa ka yi tafiya a cikinsa, yawanci on ne. Idan kuma hanyar zuwa kake nufi, sai ka ce "by car", "by bus", ba tare da a ko the ba. Mai tafiyar ƙafa "on foot" ya zo.

Yanzu ga inda nake son ka tsaya sosai. Akwai jimlolin da sauya kalma ɗaya ke juya ma'anarsu gaba ɗaya, kuma ba wanda zai gyara maka, domin duka biyun Turanci ne mai kyau. "On time" na nufin daidai lokacin da aka sa, ba latti. "In time" na nufin kafin abu ya wuce ka: "We got to the hospital in time." Idan takarda ta ce "Submit the form by Friday", wa'adi aka ba ka, Juma'a ce rana ta ƙarshe, ko da Talata ka kai an karɓa. "I will be here until Friday" kuwa ci gaba ne, kana nan har Juma'a. Haka "at the end of the month", ƙarshen wata, ya bambanta da "in the end", wato daga bisani. "Tun" ɗinmu ma tana yaudara: since na mafarin lokaci ne, "since 2019", for na tsawonsa, "for five years". Ba a cewa "since five years".

Tarko mafi girma ga mai Hausa a baki shi ne "da". Mun saba juya ta zuwa with, kuma sau da yawa ta yi. Wata ɗaliba ta taɓa karanta mana gabatarwar kanta a aji, ta ce "I am married with a teacher." Na rubuta jimloli biyu a allo: "married to a teacher" da "married with three children". Ta farko tana faɗin wanda kika aura, ta biyu tana cewa kina da aure da 'ya'ya uku. Ta ɗauki biro ta soke with ɗin sau biyu, ta rubuta to a samansa da manyan haruffa, ba ta sake yin kuskuren ba.

Akwai kuma wuraren da Hausa ba ta sa komai amma Turanci ya dage: muna cewa "jira ni", su "wait for me", "saurare shi", su "listen to him". Akasin haka ma yana nan. Muna "tattaunawa a kan" abu, sai mu rubuta "discuss about", alhali "discuss the matter" ne kawai. Irin su "depend on", "good at", "afraid of", "interested in", "responsible for", ba su da wani dalili da zan iya ba ka. Haddace su za ka yi a dunƙule.

Ni ma na sha kaye. Shekaru na yi ina rufe wasiƙuna da "I look forward to hear from you", har wata rana wani abokin aiki ya zagaye "hear" da jan biro ya miƙo mini takardar bai ce uffan ba. To ɗin da ke wannan jimla irin na "to the office" ne, kuma duk aikatau da ya biyo bayan irin waɗannan kalmomi sai ya ɗauki ing: "look forward to hearing", "good at cooking", "without asking", "before leaving". Wakilin suna ma siffarsa na sauyawa a bayansu, shi ya sa ake cewa "between you and me".

Ga yadda za ka yi aikin. Samu ƙaramin littafi, ka ware shafi ga kowace kalma. Duk lokacin da kake karanta labari ko saƙo da Turanci, ka kwafe jimlar gaba ɗayanta, ba guntu ba, ka ja layi a ƙarƙashin kalmar da abin da ya zo kafinta da bayanta. Biyar a rana sun isa. Daga nan ka sauya jimlar ta koma kanka: idan ka kwafi "She is responsible for the budget", rubuta abin da kai kake da alhakinsa, ka karanta da ƙarfi sau uku don kunne ya saba. Ranar ƙarshen mako sai ka rufe kalmomin da yatsa, ka gwada cike su da ka. Wadda ka faɗi a kanta, ka mayar da ita shafin mako mai zuwa.