Kurakuran ban ruwa da ke kashe gona a hankali

Da zarar an shiga noman rani tambayoyin iri ɗaya ne suke dawowa. Ganye ya yi ɗorawa, bakinsa ya ƙone, tumatir yana ruɓewa ta gindi, wane taki zan ƙara, wane magani zan fesa? Da wuya ka ji wanda ya ce a duba masa ruwa. Mutum ya zuba kuɗi a iri da taki da injin ban ruwa, amma ruwan da yake kwarara wa shukarsa kullum bai taɓa neman sanin abin da ke cikinsa ba. Na gaji da amsa wa mutane ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na zauna na rubuta.

Kuskuren da ya fi ƙona mini rai shi ne ɗaukar cewa duk ruwan da ya yi garai-garai ya dace da gona. Wannan ya ci mini gona sukutum. Ruwan rijiyar burtsatse ne, fes da shi, sai ɗan zartsi da kake ji a harshe, ban ko kula ba. Da farko albasa ta yi kyau. Daga baya wani farin ɓawo ya fara fitowa a kan kunya da gefen fangali, kamar an barbaɗa gari. Dashe ya tsaya cak, yabanya tana yaushi alhali ƙasa a jiƙe take sharkaf. Na ƙara ruwa, na ƙara takin zamani, ashe duka biyun gishiri nake ƙara wa ƙasar. Idan gishiri ya yi yawa a kewayen saiwa, shuka ba ta iya zuƙo ruwan da ke kusa da ita, ƙishirwa ta kashe ta a tsakiyar danshi.

Yi lissafin da kanka ka gani. Zurfin ruwa na milimita 1 a kan hekta 1 lita 10,000 ne. Masara tana buƙatar milimita 500 zuwa 800 kafin ta nuna. Ɗauki 500 ɗin kawai, lita miliyan 5 ke nan. In kowace lita tana ɗauke da giram 1 na gishiri, ka zuba tan 5 na gishiri a hekta ɗaya cikin noma ɗaya. Rana za ta ɗauke ruwan, shuka ta sha nata, gishirin kuwa yana nan inda ka ajiye shi, baɗi ka ɗora wani a kansa.

Ma'aunin da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 1985 shi ne har yau ake aiki da shi: ruwan da gishirinsa bai kai miligiram 450 a lita ba babu damuwa, daga 450 zuwa 2,000 sai da hattara, sama da 2,000 kuwa matsala ce babba. Akwai 'yar na'urar aljihu da ake tsomawa a ruwa ta nuna maka lambar nan take. Ni ina auna ruwana a farkon rani, in sake aunawa lokacin da zafi ya tsananta rijiya ta ja baya, domin a lokacin ne zartsi yake ƙaruwa. In lambar ta hau, albasa da karas da latas ba su da wurin zama a wannan gonar. Tumatir ya fi su juriya, alkama da auduga da sha'ir sun fi kowa. Ba na shuka a tsakiyar kan kunya, don nan ne gishiri yake taruwa, a kafaɗarta nake shukawa. Ina rufe ƙasa da ciyawa ko kara don rage bushewa. Lokaci-lokaci kuma nakan yi ban ruwa mai nauyi da gangan, ya tura gishirin ƙasa da inda saiwa take. In ƙasar ta zama mai kanwa, ta daskare ruwa ba ya shigarta, sai an haɗa da jifsam, wani farin garin ma'adini da ake gyara ƙasa da shi, kafin wankin gishirin ya yi aiki.

Amma wankin nan ba ya yiwuwa sai ruwa yana da hanyar fita, kuma a nan ne kuskure na biyu yake. Wallahi abin yana ba ni haushi in ga mutum ya tayar da inji, ya jefa tiyo a fangali, ya tafi hira. Ya dawo ya tarar gona ta zama tafki, wai shi ya ƙosar da shuka. Malam, ba ƙosarwa ka yi ba, shaƙe ta ka yi. Saiwa tana numfashi. In ruwa ya kwana biyu a kanta iska ta ƙare, ta fara ruɓewa, ganye ya yi ɗorawa, kai kuma ka ce yunwar taki ce. Takin da ka zuba ma ruwan ya wanke shi ya yi ƙasa da shi, ya gangara rijiyar da mutane suke sha. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade sinadarin naitiret, wanda yake fitowa daga taki, a ruwan sha kada ya wuce miligiram 50 a lita, saboda illarsa ga jarirai. Ka yi asarar mai, ka yi asarar taki, ka kuma cuci maƙwabcinka.

Ban da haka, yawan ambaliya ba magudana yana ɗago ruwan ƙarƙashin ƙasa har ya kusanto sama, daga nan zafin rana ya riƙa jawo shi da gishirinsa zuwa fuskar gona. Haka aka yi asarar filaye masu yawa a kwarin kogin Indus na Pakistan. Tekun Aral na tsakiyar Asiya kuwa ya fara ƙafewa tun shekarun 1960, bayan an karkatar da kogunan Amu Darya da Sir Darya zuwa gonakin auduga. Noma ne yake cinye kusan kashi 70 cikin 100 na ruwan da ɗan Adam yake ɗiba a duniya, don haka ɓarnarmu ba ƙarama ba ce. Ni kafin in tayar da inji nakan tona ƙasa zurfin taƙi guda, in damƙi ta ƙasan. In ta dunƙule a hannuna ta bar mini sanyi a tafi, yau ba ban ruwa. In ta wargaje, lokaci ya yi. Jigawa a ba ta kaɗan-kaɗan a kai a kai, laka a ba ta da yawa a daɗe ba a koma ba. Kuma ina haƙa magudana kafin in yi fangali.

Masu jan ruwa daga kwata da lambatu, ku ji tsoron Allah. Na sani ganye yakan yi kore shar da wannan ruwan, amma yana ɗauke da ƙwayoyin cuta da ƙwan tsutsar ciki, su kuma latas da kabeji da karas ɗanyu ake cin su. In babu makawa, a bar ruwan ya kwanta a rami kafin a ja, a bi da shi ta gindin shuka kada ya taɓa ganye, a kuma daina ba da shi kwanaki kafin a ɗebi amfani. Wanda ya fito daga majema ko masana'anta kuwa ba shi da gyara a wurina, domin dalma da ire-irenta suna zama a ƙasa, babu wankin da zai fitar da su daga cikin ganye.

Sauran ƙanana ne, amma suna cin kuɗi. Haɗa maganin ciyawa irin su gilaifoset da farakwat da ruwa mai laka: lakar tana kama maganin ta kashe ƙarfinsa, a nemi ruwa mai tsabta. Ban ruwa na ɗigo ba tare da matatar ruwa ba: yashi da gansakuka da tsatsa za su toshe ramukan, rabin layi ya bushe ba ka sani ba. Barin tumatir ya bushe ƙayau sannan a cika shi da ruwa: shi ke kawo baƙin gindi da tsagewar 'ya'ya, a daidaita ban ruwan tun daga fitar fure. Yayyafa wa ganye ruwa da yamma ya kwana a jiƙe yana jawo cututtukan ganye, ni da sassafe nake yi. Injin feshi kuma kada a wanke shi a bakin rafi ko kusa da rijiya, a ɗebi ruwa a bokiti a je can nesa a wanke, ɗaurayar a fesa ta a cikin gonar da aka yi wa feshin.