Ga ƙannenmu masu barin Kaduna: ku san yadda wasan katunan tarawa ke ƙarewa

Kafin ku hau jirgin ƙasa a Rigasa ku nufi Abuja, an riga an cika muku kunne da zancen biza da kuɗin haya da rigar sanyi. A nan yayyenku da ke can ƙasar waje za su riƙe muku hannu, ba sai mun maimaita ba. Abin da ba a cika faɗa muku ba shi ne kaɗaici. Babu majalisar ƙofar gida, babu teburin mai shayi da za a zauna har dare ya raba. Shi ya sa da yawa cikin yaranmu, ba a jima da sauka ba sai ka same su a shagon wasanni na unguwarsu, inda ake taruwa da yamma ana buga katunan nan da ake saye ana tarawa ana musanya, irin su Magic: The Gathering da Pokémon da Yu-Gi-Oh! Mu da muka yi zaman can muka dawo Kaduna ba mu ga laifin hakan ba. Abin da ya ishe mu shi ne kuskure iri ɗaya da kowane sabon zuwa ke tafkawa.

Ɗan Kaduna ba kai ya rasa ba. Wanda ya taso yana buga Whot a Tudun Wada ko Kawo ya iya ƙirga abin da ya fita, ya iya karanta fuskar abokin wasa, kuma koyon ajiye kati da kai hari ba ya ɗaukarsa lokaci. A ƙarshen wasa ake kayar da shi. A Whot in ka zubar da katunan hannunka kaf ka ci, in kasuwa ta ƙare a ƙirga lambobi, tauraro ninki biyu, mai ƙaramar jimla ya tsira. A waɗannan wasannin kuwa hannunka ya zama wayam ba ya ba ka komai, sau da yawa ma alamar ka shiga uku ce. Kasuwar ma ba ta haɗaka ba ce. Kowa da tarinsa yake zuwa daga gida, shi ya haɗa abinsa, daga ciki yake ja.

Magic shi ne babban wa. Richard Garfield ya ƙirƙiro shi, kamfanin Wizards of the Coast ya fitar da shi a 1993. Kowa yana farawa da rai 20, da kati 7 a hannu, da tarin da bai gaza kati 60 ba, ko 40 idan a wurin aka buɗe sababbin fakiti aka haɗa. Mutum yana faɗuwa idan ransa ya kai sifili, ko ya tara alamun guba 10 ko da ransa 20 cif, ko kuma aka ce ya ja kati alhali tarinsa babu komai. Na ukun nan ku natsu a kansa. Ƙarewar tarin ba ta kashe ka, yunƙurin ja daga tarin da ya ƙare shi ke kashe ka. Wanda ya ja katinsa na ƙarshe yana da juyi guda cikakke a hannunsa. Sabon zuwa sai ya ga tarinsa ya ƙare ya hau tattara kaya, alhali mayaƙan da ke gabansa a tebur sun isa su gama abokin karawarsa a juyin nan. Haka batun rai: mai rai 1 yana kai hari da ƙarfin da mai rai 20 ke kaiwa, ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Sai dai da zarar bugu ya sauka rai ya taɓa sifili, an gama. Katin ƙarin rai da ke hannunka kafin saukar bugun ake amfani da shi, bayan nan sai dai ka kalle shi. Idan kuwa ku biyun kuka faɗi a lokaci guda, kunnen doki ne.

A tsarin Commander, wanda galibi mutum huɗu ke zama kuma za ku gan shi a kusan kowane shago, rai 40 ne, kati 100. An ƙara hanyar faɗuwa guda: idan kwamandan mutum ɗaya, wato katin da ya zaɓa ya jagoranci tarinsa, ya yi maka ɓarnar da ta kai 21 a fagen hari, ka fita ko nawa ne ranka. Wanda ya fita da katunansa yake fita, sauran su ci gaba har mutum ɗaya ya rage. Sannan ku sani abin da aka rubuta a jikin kati yana gaba da dokar gama-gari. Platinum Angel na hana mai shi faɗuwa muddin yana kan tebur, ko ransa ya yi ƙasa da sifili. Thassa's Oracle kuwa yana iya ba mai shi nasara daidai lokacin da tarinsa ya ƙare. In ba ka san kati ba, ka nemi izini ka ɗauka ka karanta. Haƙƙinka ne, ba wanda zai ce maka baƙauye.

Pokémon ya fito a Japan a 1996, kati 60 cif ba ƙari ba ragi. Bayan ka ja 7, sai ka ware 6 a kife a gefe, su ne katunan lada, saura 47 ke nan a tari. Duk lokacin da ka kayar da dabbar abokin wasa sai ka ɗauki lada guda daga naka, masu alamar ex biyu ake ɗauka a kansu, wasu manyan ma uku. Wanda ya kwashe ladansa duka ya ci. Amma abin da ya fi kashe sababbin zuwa benci ne. Ana iya ajiye dabba har 5 a benci. In aka kayar da wadda ke gaba kuma bencinka babu kowa, wasa ya ƙare nan take, ko lada ɗaya tak abokin wasanka ya ɗauka. Mai rowar ajiye ƙananan dabbobi yana jiran babba ta zo, minti uku sun ishi a sallame shi. Batun ƙarewar tari kuma ya bambanta da na Magic: a nan jan farkon juyi kaɗai ke kashe mutum. In kati ya ce ka ja uku a tsakiyar juyi kuma biyu suka rage, ka ja biyun, ba abin da ya same ka sai juyinka na gaba.

Yu-Gi-Oh! na kamfanin Konami ne. Rai 8000, kati 5 a hannu, tari daga 40 zuwa 60. Rai ya ƙare ko ya wajaba ka ja babu abin ja, ka faɗi. Wanda ya haɗa katunan sassan jikin dodon Exodia guda biyar a hannunsa ya ci nan take.

Duk wannan a dare ɗaya za ku haddace shi. Inda ake kuka shi ne gasa, domin a gasa akwai agogo, akwai alƙali.

A gasar Magic ta shago, irin wadda ake yi daren Juma'a, karawa wasa uku ce, wanda ya riga cin biyu ya yi nasara, kuma yawanci minti 50 ake bayarwa. Nasara maki 3, kunnen doki 1, faɗuwa babu komai. Idan alƙali ya ɗaga murya ya ce lokaci ya cika, ba a nan aka tsaya ba. Wanda ke kan juyinsa zai kammala, sannan a ƙara juyi 5 gaba ɗaya, ba biyar ga kowa ba. Ku yi lissafin: idan a juyinka aka kira lokaci, abokin wasanka ke da na ɗaya da na uku da na biyar, kai na biyu da na huɗu kawai. Ku sa ƙwayar lido a tsakiyar tebur kuna juya ta, don kada gardama ta tashi. In juyi biyar suka ƙare ba wanda ya faɗi, wannan wasan ba na kowa ba ne. Kana da rai 20 shi yana da 1, duk ɗaya, a zagayen tara maki ba a duba rai. Sai a koma ga wasannin da aka kammala: mai ci ɗaya da babu shi ya ɗauki karawar, ɗaya da ɗaya kuma kunnen doki. A zagayen da wanda ya faɗi ke tafiya gida ne kaɗai, inda dole sai an fitar da gwani, ake komawa ga yawan rai. A Pokémon ma ana ƙara juyi bayan na wanda ke kai, ka tambayi alƙali nawa ne. Konami kuwa ta sauya dokarta ta cikar lokaci fiye da sau ɗaya, don haka mai Yu-Gi-Oh! ya tambayi alƙali wadda ake bi kafin a fara zagayen farko.

Daga nan wata hikimar banza ke zuwa wa yaranmu. Ya ci wasan farko, sai ya ce bari ya ja ƙafa a na biyu har agogo ya cinye. Ya gauraya kati ya sake gaurayawa, ya ƙirga na zubarwa sau uku, ya yi tagumi kamar mai nazari. Alƙalai sun san wannan tun kafin a haife ka. Jinkiri na rashin sabo gargaɗi ake yi a kansa, amma jan ƙafa da gangan don cinye lokaci kora ce daga gasar. Akasin haka ma akwai: idan wasan farko ya riga ya lalace maka, kada ka ɓata minti 30 kana kare gawa. Doka ta ba ka damar sallamawa a kowane lokaci. Ka sallama, ka ajiye lokacin don wasa na biyu da na uku, kuma a Magic wanda ya faɗi shi ke zaɓar ko ya fara ko a fara masa.

Sai babbar magana, wadda saboda ita muka zauna rubutun nan. Mu mutanen sulhu ne da ciniki, abin alfahari ne a gida. Lokaci ya cika, kunnen doki ba zai amfani kowa ba, sai ɗan Kaduna ya sunkuyo cikin fara'a ya ce wa abokin wasansa, ka bar mini nasarar mana, in na karɓi kyauta in ba ka fakiti biyu. A ransa adalci ya yi. A dokar gasa cin hanci ya bayar, kuma hukuncinsa daga rasa karawar ne zuwa kora, ko da wasa ya faɗa. Haka wanda ya ce a jefa kwabo ko ƙwayar lido a ga mai rabo. Haka wanda ya ce a sa fam biyar a kan wasan don ya yi armashi. A Magic za ka iya roƙon mutum ya sallama maka ba tare da ka yi masa alkawarin komai ba, kuma za ku iya yarda ku tashi kunnen doki. A Yu-Gi-Oh! kunnen dokin yarjejeniyar ma haramun ne. Da zarar ka haɗa sakamakon wasa da kuɗi, ko kati, ko shayi, ka tsallake iyaka. In wani ne ya kawo maka tayin, kada ka ce za ka rufa masa asiri, ka ɗaga hannu ka kira alƙali. In kuma kai ke son a raba kyauta, ka ja alƙali gefe ka tambaye shi yadda za ka faɗa kafin ka buɗe baki a tebur.

Masu tambaya ko wannan ba karta ce ta caca ba, a farkon Magic lallai akwai dokar da kowa ke ajiye kati ɗaya wanda ya ci ya kwashe, amma an daɗe da watsar da ita, katunan da suka dogara da ita ma an hana su a gasa. Batun kuɗin shiga da kyautar da ake bayarwa kuwa, kowa ya tambayi malaminsa, mu ba muftai ba ne. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba, daren wasan nishaɗi da babu kyauta yana nan.

Lokacin taron gida ba ya aiki a can. A Magic, minti 10 da fara zagaye ba ka zauna ba, an ba abokin wasanka karawar. Wannan ya shafi salla. A Ingila magariba na faɗawa wajen ƙarfe huɗu a Disamba, a Yuni kuwa sai bayan tara, wato tsakiyar gasar dare. Ka sanar da alƙali tun da wuri, ka yi alwala kafin a fara, ka yi sallarka tsakanin zagaye biyu. Tashi daga tebur ana tsakiyar wasa ba tare da ka faɗa wa kowa ba yana jawo fassarar da ba ka nufa ba.

Hannunka ma ka kula da shi. Tattara katunanka daga tebur, ko miƙa wa abokin wasa hannu ana cikin wasa, sallamawa ake ɗaukarsa, kuma in katunan suka cakuɗe babu mai iya mayar da su yadda suke. Kafin ka taɓa komai ka faɗa da baki: harin nan nawa ne, raina saura nawa. Ka riƙa rubuta ranka da nasa da biro a takarda, domin ƙwayar lido gwiwar hannu ɗaya ke kifar da ita, kuma alƙali rubutu zai nema. Wanda ba ya musabaha da mata ya sa hannu a ƙirji ya yi godiya da murmushi, ya wadatar.

Bayan an gama, ku shigar da sakamako tare, a takarda ko a manhajar Companion idan Magic ne, ka duba da idonka cewa biyu da ɗaya aka rubuta ba ɗaya da biyu ba, domin in aka fitar da jerin zagaye na gaba gyara yana wuya. Ka cire katunan da ka sauya tsakanin wasa da wasa daga kati 15 na ajiya da aka yarda ka riƙe a gefen tarinka, ka mayar da tarinka yadda ka shigo da shi. Sannan ka ƙirga shi ɗaya bayan ɗaya kafin ka tashi. Katin abokin wasa da ya liƙa wa mayaƙinka, ko naka da ya ƙwace ana cikin wasa, su ne ke bin mutum zuwa teburi na gaba, kuma wanda aka samu da kati 59 ko da na wani a tarinsa shi alƙali zai tuhuma.