Kafin ku zuba kuɗi a sabuwar na'urar wasa

'Yan uwa masu jiran sabuwar na'urar wasan bidiyo, na ga gardama ta yi zafi kan wacce ta fi fitar da hoto mai kyau. Ni dai shawarata, ku fara da duba ma'ajiya, wato wurin ajiye wasanni a cikin na'urar. Da PS5 (na'urar PlayStation 5 ta kamfanin Sony) ta fito a Nuwamban 2020, 825GB aka rubuta a kwali, amma abin da ya rage wa mai wasa kusan 667GB ne, sauran manhajar na'urar ta cinye. Manyan wasanni kuwa wasu kan haura 100GB, kun ga biyar ko shida sun cika ta. Switch 2 ta kamfanin Nintendo ma da ta fito a Yunin 2025, tsohon katin ƙara ma'ajiya na microSD ba ya ɗaukar wasanninta, sai sabon samfurinsa microSD Express, kuma ya fi tsada. Ku sa kuɗinsa cikin lissafi tun yanzu.

Sai talabijin. Ku leƙa bayan akwatin, ku karanta rubutun da ke gefen ramin HDMI, inda ake jona wayar na'urar wasa. In ba 2.1 ba ne, PS5 ba za ta ba ku 4K (hoto mai matuƙar fitowa sarai) da hoto 120 a daƙiƙa ba.

Don Allah kada ɗoki ya jefa ku hannun masu saye su ɓoye su ninka farashi, kamar yadda aka sha fama a 2020. Rukunin farko ma kan zo da tangarɗa: sai da Microsoft ta tsawaita garantin na'urarta ta wasa Xbox 360 zuwa shekara 3 a 2007 saboda matsalar jan zobe, wato jan hasken da kan kunnu a jikin na'urar idan ta lalace. Wanda zai iya haƙurin wata biyu ko uku, ya jira ya ji ta bakin waɗanda suka riga shi saye.