Yadda ake zama jami'in duba gine-gine

Duk mai son wannan aiki ya fara da neman gogewa a fagen gini, domin hukumomi sun fi karɓar wanda ya taɓa yin aikin magini, kafinta, mai haɗa wutar lantarki ko mai aikin famfo, ko wanda ya yi karatun fasahar gini. Daga nan sai ya duƙufa ga nazarin kundin dokokin gini na ƙasarsa, ya kuma iya karanta zanen gini. A Amurka, alal misali, cibiyar International Code Council, wadda aka kafa a 1994, tana shirya jarrabawar samun takardar shaida.

Abin da ya fi muhimmanci a sani shi ne lokacin zuwa dubawa. Jami'i yakan zo kafin a zuba kankare, ya auna zurfin harsashi da kaurin rodi da tazarar da ke tsakaninsu, saboda da zarar siminti ya rufe su, babu mai sake ganin kuskuren da ke ciki. Haka nan ake duba wayoyi da bututun ruwa kafin a yi filasta. Idan ya tarar an saɓa doka, sai ya rubuta rahoto, ya ambaci sashen da aka karya, ya ba da wa'adin gyara. Idan kuwa rayuka na cikin haɗari, ya dakatar da aikin.

A ganina, riƙon amana ne ya fi wuya, domin ɗan kwangilar da ke gaggawa zai matsa masa lamba ya sa hannu. Saboda haka tun daga farko ya saba da ɗaukar hoto da adana kowane rahoto tare da kwanan watansa.