Yadda ake jagorantar aikin ruwa kar ya mutu bayan shekara biyu

Yawancin rijiyoyin burtsatsen da na ga sun mutu ba ruwa ne ya ƙafe a ƙasa ba, wata 'yar roba ce ta cinye a cikin famfo aka rasa wanda zai sayi sabuwa. To idan an ɗora maka jagorancin irin wannan aiki, ajiye maganar injin haƙa tukuna.

Da farko ka zauna da masu ɗibar ruwan, galibi mata ne da yara, su nuna maka inda ƙafarsu za ta iya zuwa. Kar ka yarda a haƙa a ƙofar gidan wani babba don a faranta masa, gobe zai sa kwaɗo. Filin ma a rubuta cewa na jama'a ne, kuma a nisanta shi da masai aƙalla mita 30.

Na biyu, kuma nan ne na taɓa shan kashi: kuɗin gyara. Mun kafa kwamiti ranar ƙaddamarwa, aka yi hoto aka tafa, muka ce in ya lalace a yi karo-karo. Bayan wata goma sha huɗu famfo ya tsaya, kowa ya ce ai na ƙungiyar da ta haƙa ne ta zo ta gyara kayanta, ma'aji kuma ya ce shi ba a taɓa ba shi ko sisi ba, haka mutane suka koma rafi. Tun daga nan ba na barin a haƙa sai kwamiti ya yi wata uku yana karɓar kuɗi, a ga shaida a littafi. Kaɗan ne ma ba komai, a dai saba. Mai karɓa daban, mai ajiya daban, mutum biyu su sa hannu kafin a cire, a karanta lissafi a gaban jama'a duk wata. Ni dai mace nake ba ma'aji, ka kira shi son rai in ka so. Kuma wallahi kar ka taɓa furta kalmar “kyauta” a taro.

Sai gwajin ruwa, wanda ake yawan tsallakewa wai tsada. A Bangladesh an haƙa miliyoyin rijiyoyi don gudun ruwa mai ƙwayoyin cuta, sai a 1993 aka tabbatar akwai gubar arsenik a ruwan. Ruwa garai-garai ba shi ne lafiyayye ba. Gwajin kuma shi zai gaya maka irin bututun da za ka sa, don in ruwan yana da tsami bututun ƙarfen famfon hannu samfurin India Mark II tsatsa yake yi da wuri. Ni na fi son famfo samfurin Afridev saboda mutanen gari na iya buɗe shi da kansu, amma fa in babu kayan gyaransa a kusa to zaɓi wanda makanikin yankin ya sani.

Ɗan kwangila kuwa kar ka biya shi duka. Ka tsaya a wurin ka ƙirga bututun da aka zura da idonka, a ja ruwa na awa 24 a ga ko zai jure, ka riƙe wani kaso sai an wuce rani guda.

Sauran mai sauƙi ne: a koya wa mutum biyu gyara, a sanar da hukumar ruwa ta yankin a ba ta takardun haƙa, lambar wayar makaniki a rubuta ta da fenti a jikin dandamalin. Ka dawo bayan wata shida ba tare da sanarwa ba, ka fara da littafin ma'aji.