Yadda za ka ziyarci lambun Keukenhof a bazarar Turai

Keukenhof yana garin Lisse a ƙasar Holan, cikin tsohuwar gonar wani gidan sarauta. Tun 1950 ake buɗe shi ga jama'a, amma na kimanin mako 8 kacal a shekara, daga ƙarshen Maris zuwa tsakiyar Mayu.

1. Zaɓi rana. Tsakiyar Afrilu ta fi, lokacin da furen tulip ke cika ido. In ka je da wuri, furannin daffodil da hyacinth za ka fi tararwa. Kauce wa Asabar da Lahadi, cunkoso ne kamar ranar kasuwa.

2. Sayi tikiti ta intanet tun kafin ka bar masauki, domin kowane tikiti da lokacin shigarsa.

3. Sa rigar sanyi, ka riƙe laima. Bazararsu ba irin tamu ba ce; rana na iya fitowa da safe, kafin azahar iska da yayyafi sun sauko. Takalmi kuwa mai sauƙin tafiya, don filin ya kai hekta 32.

4. Shiga da sassafe. Fara da injin niƙa mai aiki da iska, ka hau samansa ka hango gonakin furanni jere kamar an shimfiɗa darduma. Ka tuna, furanni kusan miliyan 7 da kake gani duk da hannu aka dasa su a kaka.

5. Kada ka tsinki fure, kada kuma ka kutsa gonakin manoma don ɗaukar hoto. Tsaya a bakin hanya.